Motar Tana Hannuna, Mai Sunan Ya Rasu

'Yata Afaf, ki taimaki tsoho da shawara kafin wata ya ƙare.

Shekaruna saba'in da takwas. Na koyar da lissafi a nan Damanhur har na yi ritaya. Mai ɗakina ta rasu shekara shida ke nan, Allah bai ba mu haihuwa ba. Ba kuka na kawo ba, alhamdu lillahi: ina da wake da gurasata da safe, ga shayi, ga rediyo. Dangin da ya rage mini ƙanwata ce Zakiyya, tana kwance a ƙauye, duk Juma'a idonta na kan ƙofa. Da gwiwoyina suka ƙi hawa motar haya, sai na sayi 'yar tsohuwar mota wurin wani dillali, Hajji Shahhat. Tafiyar hawainiya nake yi da ita, direbobi na leƙowa suna tambaya ko ƙwai na ɗauko, amma ina isa.

Kamar yadda aka saba, ba a juya sunan mai motar zuwa nawa ba. Takardar wakilci aka ba ni daga mai motar na asali, Ustaz Midhat, wanda ban taɓa gani ba. Ni da na shekara arba'in ina cewa yara su duba aikinsu kafin su miƙa, na karɓa ban ko duba ba.

Lasisin motar zai ƙare ƙarshen wata. Da na je wurin Hajji don ya raka ni sabuntawa, ya sa aka kawo shayi, ya kira ni basha, wato ranka ya daɗe, har sau uku, sannan ya raɗa mini cewa Ustaz Midhat ya rasu wata biyu da suka wuce, wakilcin kuma ya bi shi kabari. Wai in kwantar da hankali, ma'aikata ba sa karanta shafin ta'aziyya na jarida, in miƙa takardar kamar mutumin na raye. In ba haka ba, sai magada sun sa hannu. Matarsa na takaba. Da wane ido zan ƙwanƙwasa ƙofarta da takardun mota? Amma Zakiyya ba ta san lasisi ba, Juma'a ta sani.

Tsohon Malami, Damanhur

*

Baba, Allah ya ƙara lafiya.

Hajji ba lallai mugu ba ne, haka kasuwarsu ke tafiya, kuma hanyarsa ta fi sauri. Amma kada ka bi ta. Ran da asiri ya tonu, hannunka za a gani a takarda, shi yana rumfarsa yana shan shayi.

Kunyarka tana da kyau, sai dai ka juya lissafin. Muddin motar na ɗauke da sunan marigayi, tara ko hatsari, Allah ya kiyaye, ƙofarsu zai nufa. Nauyi za ka sauke musu.

Ka fara zuwa gaisuwa hannu rabbana, babu takarda. Bayan kwana biyu ka nemi babba cikin magadan, ka faɗa masa gaskiya. Lauya ya duba rasidinka da takardar gadonsu, ya faɗa muku wanda zai sa hannu da inda za a sa. Hajji ya ci ribarsa, dole ya taka ya shaida cinikin. Wannan karon kuwa a juya sunan gaba ɗaya.

Idan wata ya riga ku ƙarewa, ka ajiye motar ka ɗauki shatar tasi. Juma'a biyu ko uku ce, kada Zakiyya ta rasa ko ɗaya.

Allah ya ji ƙan Ustaz Midhat da mai ɗakinka, ya ba Zakiyya sauƙi, ya kai ka ƙofarta lafiya da motar da ke amsa sunanka.

Afaf