Baƙuwar Laraba

Gangara, ranar Litinin

Zuwa ga aminina Muttaka,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Gidan Rumji. Yaya gwiwar nan taka? Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Ka tambayi jikin matata Laraba. Mantuwar tana nan, har ta ƙaru. Shekara da shekaru muna ɗaki ɗaya, yanzu ɗauka take ni wani tsoho ne da ya shigo neman inuwa ya ƙi tafiya. Abin da ya fi damuna abinci. In na kai mata, sai ta ce ta ci, kuma ba ta karɓar tuwo a hannun namijin da ba ta sani ba.

To, 'yarmu Lubabatu ta sa sunana cikin wani bincike da 'yan jami'a ke yi kan masu jinyar tsofaffi a gida. Wata Madam Fadimatu ta kawo mini salula mai magana da Hausa, muryar mace. Tana tuna lokacin magani da na abinci, kuma kowace safiya tana tambayar lafiyata in danna lamba.

Ranar farko da ta yi sallama ta ce lokacin abinci ya yi, Laraba ta miƙe ta shimfiɗa mata tabarma, ta dama fura, ta yi mini faɗan na bar baƙuwa bisa turmi. Da yake ba a barin baƙo ya ci shi kaɗai, ta zauna ta cinye nata tas. Kason baƙuwar ni ke shanyewa a bayan rumbu, don kada a ce ta raina girkin gidan. Har na fara yin kumatu.

Ka gaida kowa.
Naka, Malam Dalhatu

Gangara, ranar Alhamis

Aminina Muttaka,

Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka da ta yara. Na ga saƙonka, inda ka ce tun muna lakol, muna 'yan makaranta, ni mai cinye kason wasu ne. Allah ya isa, amma na yafe.

Magana ta ɓaci. Madam ta kira ta ce za su karɓe salular su ba wani gida, domin sakamakon ya nuna ba ni da bukata. Ga yadda aka yi. Da safe salular kan ce ina kwana, ina gajiya, sannan ta ce in danna ɗaya in babu gajiya, biyu in akwai kaɗan, uku in ta yi yawa. Muttaka, kai ka faɗa mini, wane ɗan mutunci za a ce wa ina gajiya ya ce akwai? Kullum ɗaya nake dannawa. Ranar da na faɗi a bakin rijiya da bokiti ma ɗaya na danna, ina kwance. Yanzu a buronsu, wato ofishinsu, an rubuta cewa daga Agye har Gazawa babu mai jinya mai ƙarfi kamata, ni da iska in ta taso sai na riƙe darni.

Madam ta ce in da gajiya in danna uku, shi ke nan. Na gwada jiya. Na ɗora yatsa, muryar nan ta gaishe ni da ladabi, sai na ji kamar in zagi baƙo a zaure. Na danna ɗaya.

In suka tafi da ita Laraba za ta koma ƙin abinci, kuma ka san ba ta da jikin da za ta rage. Ni ma, kada ka yi dariya, a gidan nan ita kaɗai ke kiran sunana.

Ka sa mu a addu'a.
Dalhatu

Gangara, ranar Lahadi

Muttaka ɗan'uwana,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da duk na tare da kai.

Madam ta zo karɓar kayanta. Na sa babbar rigata don kada a ga ƙasusuwa. Ta gaishe ni, na ce lafiya lau, babu gajiya, na miƙa mata salular a cikin ƙyalle.

Sai Laraba ta ja Madam gefe, irin jan da mata ke yi in za a yi gulma, amma da muryar da ake ji har kasuwa. Ta ce mata ita ba ta san ko tsohon nan na waye ba, amma a nemi danginsa. Ta ce shi ke ɗebo ruwa, shi ke wanki, yana tafiya yana dafa bango, kuma yunwa ta sa har satar furar baƙi yake yi a bayan rumbu. Ta ce mutumin kirki ne, bai kamata a bar shi haka ba.

Ashe tana ganina duk kwanakin nan. Madam ta rufe baki da mayafi, ban sani ba dariya take ko wani abu. Ba ta sake tambayata komai ba, ta dai miƙo salular. Na juya baya, na danna uku.

Salular ta zauna a gidanmu. An kuma gaya wa Lubabatu, ta kira ta yi kuka ta yi faɗa, ta ce tana tafe. Madam ta ce ba ni kaɗai ba ne, tsofaffin Gangara duka ɗaya suke dannawa, za su sake tsara tambayar.

In gwiwa ta bari, ka shigo mota ranar kasuwarmu ka zo. In ka tambaye ni gajiya a bakin ƙofa zan ce babu. Ka bari sai mun zauna.

Naka har kullum,
Dalhatu