Shinkafar Makokin Inna

Wariyapola, watan Mayu

Zuwa ga ƙanena Tissa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Kumudu da yara. Yaya aiki a Napoli? Mu nan ƙalau, in aka cire abin da zan gaya maka.

Likitan Kandy ya gama magana: zuciyar Inna sai an yi mata aiki, in ba haka ba, ba ya yi mana alkawarin baɗi. Ya ba mu rana a watan Yuli. Inna ta yi masa godiya, ta tambayi lafiyar mahaifiyarsa, muna fitowa ta ce ita ba kwakwa ba ce da za a fasa ta.

Babban malamin haikalinmu ya koya mata tunanin mutuwa. Kullum da safe, in ta ajiye furanni gaban Buddha, sai ta naɗe ƙafa a tabarma, ta bi numfashinta, tana tuna wa kanta cewa jikin nan mai ƙarewa ne, yau ma tana iya zama ranar. Da ta tsaya a kanta da sauƙi. Wai ni na fi buƙata, tunda ni za a bari. Malli ƙanena, da furfurata an zaunar da ni in yi tunanin gawar uwata, alhali ga ta a gefena tana ƙamshin man kwakwa. In na rufe ido, magungunanta kawai nake gani. Ta ce numfashina kamar na tsohuwar bas a hawa.

Ka kira ta. Kai ne ɗan lele, ko ta ji taka. Buddha ya kiyaye ka.

Yayarka,
Sriyani

Wariyapola, watan Yuni

Malli,

Ina gaisuwa. Tarin ƙaramar ya tafi?

Na aike ka ka shawo kanta, ga shi an ce kai ma ka yi mata alkawarin zaman tunani kafin ka fita aiki. Sannu da ƙoƙari.

Saurari na wannan makon. Inna ta tuna cewa in ta mutu, bisa al'ada ba za a hura wuta a gidanmu ba, maƙwabciyarmu Leelawathi ce za ta dafa shinkafar makoki. Ta ce miyar kabewar Leela ruwa ce tsululu, ita kuwa ba za ta kwanta a akwati ana kunyata ta ba. Ta kira ta koyon girki. Kabewa, busasshen kifi, ɗanyar ayaba, komai kamar ranar.

Ka san hancin layinmu. Ƙamshin ya fita, wani ya tuna Inna ba ta da lafiya, kafin shinkafa ta nuna mutane sun fara shigowa cikin fararen kaya. Gunapala na ƙungiyar taimakon jana'iza ya iso da kujeru da fararen tutoci a bayan tarakta. Matarsa ta rungume ni tana kuka, ta ɗaga kai, sai ga mamaciya da ludayi a hannu tana tambayarta ko gishiri ya ji. Inna ta ce tunda kujeru sun zo, kowa ya zauna. Ta gaya wa Gunapala tutocinsa sun yi dauɗa, ya wanke su kafin a sake kiransa.

Kowa ya yi dariya. Ni na shiga bayan gida na kulle ƙofa. Kada ka tambaye ni me na yi a ciki.

Yayarka da ta gaji,
Sriyani

Wariyapola, watan Yuli

Ƙanena Tissa,

Ina fatan kuna lafiya duka. Inna na gaishe ku. Ƙafafunta sun kumbura, ta daina zuwa haikali a ƙafa.

Na mayar wa asibiti ranarsu, ba za a yi aikin ba. Kada ka ɗauka na zama waliyyiya. Har yanzu haushinta nake ji, da na malamin, da naka. Abin da ya faru ƙarami ne. Muna zaune, na gaji da neman numfashina, sai na bi nata. Yana shiga da ƙyar, ya tsaya, ya fita. A wannan tsayawar kowane lokaci sai in jira, sannan numfashin ya dawo. Na daɗe ina jinsa. Tun watan Mayu ban zauna kusa da ita ba tare da wata hujja a bakina ba, sai ran nan. Ita ta san abin da ke ƙirjinta fiye da ni, kuma ba tsoro take ji ba. Mai tsoron ni ce, na so a yanka ta don in samu barci.

Da na gaya mata, ba ta ko gode ba. Cewa ta yi ashe kan nawa ba dutse ba ne gaba ɗaya.

Kumudu ta faɗa min kana adana hutunka saboda jana'iza. Ka kashe shi yanzu. Ranar jana'iza Inna ba za ta neme ka ba. Ni ce zan nema, kuma na yafe. Ka zo cikin watan nan, tana iya yi maka faɗa da bakinta.

Buddha ya kiyaye hanyarka.

Yayarka,
Sriyani