Fuskar sifikarka ta shiga kicin

Yaya,

Na ga kana barci, ban tashe ka ba. Farar robar nan mai tauri da ka wuni kana huhhudawa don fuskar sifikarka, kada ka neme ta a ɗaki. Umma ce ta ɗauka. Ta ce ashe ɗanta ya fara hankali, har ya yi mata matsami. Ta tace taliya da ita. Ina tsaye a wurin, ban hana ta ba, yi haƙuri.

Amma albishirinka, mai shagon da ya sayar maka da robar bai cuce ka ba, tafasasshen ruwa ko lanƙwasa ta bai yi ba.

Na wanke, na ɓoye bayan firij. Ɗauke kafin Umma ta dawo, don ta riga ta yi wa maƙwabciya alkawarin aro.

Ƙanwarka