Baba, Taku Nawa Ne Daga Rijiya?

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa, da fatan Allah ya sa kana cikin ni'ima, ni ce Bilkisu, autarka. Shekara shida ke nan da rasuwarka ban dame ka ba. Yau ma da akwai sauran ƙofar da zan ƙwanƙwasa, da ban zo taka ba.

Baba, Inna ba lafiya. Likita ya sallame mu, ya ce mu koma gida mu yi ta addu'a, ka kuwa san abin da hakan ke nufi. Abu ɗaya take roƙo: in ta cika, a sa ta a bayan gida, kusa da 'yarta ta fari.

Ka san Inna da kunya. Yarinyar nan da ta rasu tana shekara biyu, tun ba a haife ni ba, ban taɓa jin sunanta a bakin Inna ba. Kai ka gaya mini ko ranar rasuwar ba ta yi hawaye a gaban mutane ba, don kada a ce ba ta da kunyar 'yar fari. To yanzu kunya ta ƙare. Hauwa'u take kira, da ƙarfi, har maƙwabta na ji. Wallahi ranar farko na zaci wata baƙuwa take nema.

Baffa Sani, ƙaninka, shi ne babba a gidan yanzu. Ya ce shi bai hana ba, amma ba mai sa diga a bayan gidanmu sai an san inda kowa yake kwance. Da gaskiyarsa. Tun daminar da katanga ta faɗi ta watsa tsingaron da ke kan kaburbura, wurin ya zama fili ɗaya. In an haƙa aka taɓa ƙashin kakanmu fa? Ya ce in babu shaida, maƙabartar bayan Ƙofar Kuyambana za a kai ta.

Shaidar kuwa kai ka rubuta ta. Washegarin faɗuwar katangar ina leƙenka daga madafi, ka naɗe ƙafar wando, ka tsaya a bakin rijiya, kana takawa kana ƙirgawa, kabari bayan kabari. Sai ka juya littafin nan mai koren bango, ka rubuta daga bayansa da ajami. Haka kake yi kullum. Gaban littafi na boko ne, aikin jami'a, bayansa kuma na gida.

Ni ce na manta, Baba. Bayan sadakar arba'in, da na zo haɗa takardunka don a kai laburaren jami'a kamar yadda ka yi wasiyya, kowane littafi daga gaba na buɗe shi. Na ga hirarka da tsofaffin marina da maƙera da limamai, na ce wannan na jami'a ne, na jefa a kwali. Ko ɗaya ban juya ba. Har hoto na ɗauka ranar miƙawa, ina ta washe baki.

Sau huɗu ina zuwa can a makon nan. Hajiyar da ke kula da ɗakin adana takardu mutuniyar kirki ce. Ta nuna mini kwalayen daga nesa, sunanka a jiki, kowanne ɗaure da zare. Sannan ta fito da takardar da ka sa wa hannu tun kana raye, cewa littattafan hira ba a buɗe su sai bayan shekara ashirin da rasuwarka. Ka ƙara da cewa ko da iyalinka ne, har ka ja layi a ƙasa.

Na san dalilinka. Tsofaffin nan sun gaya maka asalin gidaje, wane ne aka sayo kakansa, wane ne ya sayar, ga shi yau jikokinsu suna auren juna. Kullum cewa kake, maganar da aka ba ka a zaure amana ce, ko mai ita ya mutu.

Na roƙe ta ta buɗe bayan littafin kawai, ita ta karanta, ni in juya baya. Ta ce ba ta iya ajami ba, kuma ba ta da ikon kwance zaren, sai dai in rubuta wa kwamiti, za su zauna bayan hutu. Bayan hutu, Baba! Ga Inna, ko ruwa sai an ɗiga mata da cokali. Na durƙusa wa Hajiyar, ni da furfurata. Ta ɗaga ni tana hawaye, ta ce ban da kwamiti, wanda ya sa hannun ne kaɗai zai iya warwarewa. Shi ya sa na zo wurinka.

Haba Baba! Ka rufa asirin gidajen mutane, ka haɗa da naka ka kulle. Ina jin haushinka, na kuma fi jin haushin kaina. Saura shekara goma sha huɗu, Inna kuwa ban sani ba ko za ta kai Juma'a.

Na je bakin rijiyar na gwada takawa. Ƙafata ba taka ba ce. In na rufe ido ina jin muryarka a kan kabarin Hauwa'u tana cewa bakwai, an jima kuma in ji kamar tara ka ce.

Ga abin da ya sa na kasa zama. Yau da hantsi Inna ta kama hannuna, ta tambaye ni ko na samo. Na ce na samo, taku bakwai ne daga rijiya, ta gabas. Ta saki hannuna, ta sha kunu cokali uku, ta yi barcin da rabonta da shi mako biyu. Ashe Baffa yana bakin ƙofa, ya ji. Ya yi hamdala, ya ce gobe zai kafa turke a wurin.

Kai da ba ka rubuta magana sai ka ji ta daga baki biyu, yau 'yarka ta ƙaga tarihi. In na gaya wa Baffa gaskiya, bayan gari za a kai ta. In na yi shiru, ban san kan wa diga zai sauka ba. Ina tsoro, Baba, wallahi ina tsoro.

Ka yafe mini. Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sassauta wa Inna, ya haɗa ta da Hauwa'unta ko a ina aka sa ta. Ya Allah, ka sa bakwai ne.

'Yarka,
Bilkisu