Hoton Anto a Ƙarƙashin Shinkafa

Santa Ines, Filifin, farkon Yuni 2004

Aikin farko yau: wanke tutoci.

Ƙanena Anto,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a Iraƙi, kai da motarka. Inna lafiya lau, sai ƙafar nan tata.

Ga abin da ake ciki. Mutane sun gaji da zaman sojojinmu a can, kowa cewa yake a dawo da su. Shi ne aka turo wa mai unguwarmu, Kapitan Abelardo, umarni daga sama: a yi taro ƙarshen wata, a nuna muna goyon bayan yaƙi da 'yan ta'adda. Tunda ni ke buga takardu a ofishinsa, tutoci da kujeru duk a kaina suke.

Sai dai garinmu ba shi da soja ko ɗaya a can. Kapitan ya ce, "To ba ga Anto ba? Bom ya san bambancin soja da direba ne?" Inna ta ba shi hotonka, wanda kake jingine da mota, gicciye a wuyanka. An buga shi a jikin tamfol mai girman ƙofar coci, da sunanka cikakke. Masu talabijin za su zo, tashar nan da kuke kamawa a ƙasashen waje.

Raina bai kwanta ba, amma na rasa dalili. Wataƙila tsorona ne na kullum. Kai me ka gani?

Allah ya tsare.
Yayarka, Doray

*

Yaya Doray,

Ina gaida ki, ki rungume min Inna. Ta na'urar aika saƙo ta ofishin kamfani na turo wannan takarda don ta riga taronku isowa.

Wai ni ne gwarzo! Albasa da daskararrun kaji fa nake kai wa sansanin Amurkawa. Da ki ce wa Kapitan ya buga hoton kajin, su suka ba da rayukansu.

Yanzu ajiye wasa. Yaya, a kan hanya ni ba ɗan Filifin ba ne. Duk inda muka tsaya, ni Harun ne, mutumin Indunusiya, don su ba su turo soja ba. Haka mai shayi ya san ni, haka mai facin taya. Gicciyen yana cikin safa tun watan da na zo. Tashar da kika faɗa kuwa, a kunne take wuni a ɗakin cin abincinmu, kuma 'yan garin nan ne ke share ɗakin. Yawancinsu mutanen kirki ne, amma bakin mutum ɗaya ya isa ya tona ni. Makon jiya an tare ayarinmu, an sauke wani direba, har yau ba labarinsa.

Ki sauke hoton nan, ko da za ki ƙona shi. Kada ki gaya wa Inna dalili, zuciyarta ba za ta ɗauka ba.

Naki,
Anto

*

Ƙanena Anto,

Ina gaida ka. Takardarka ta iso ana gobe taro.

Na je wurin Kapitan na yi masa bayani dalla-dalla. Ya ce, "Doray, ke ko inuwarki tsoro take ba ki. In na sauke shi, hoton wa zan rataya? Na surukata?" Na ce rai ne fa. Ya ce shi ma an ce masa in fili bai cika ba, kada ya sake tambayar kwaltar hanyarmu.

Da asuba na ɗauko tamfol ɗin daga ofis, na shimfiɗa shi a bakin titi, fuskarka a ƙasa, na zuba masa shinkafarmu kamar yadda kowa ke shanya. Kapitan ya zo yana gumi yana nema, har ya taka gefensa.

"Doray, ina gwarzon?"

Na ce, "Ka tambayi mai gadi."

Ya ce, "Shinkafarki ba ta bushe ba, ki juya ta." Ban sani ba ko ya gane.

An yi taron ba hoto, na fara samun numfashi. Sai da aka watse na hango Inna gaban masu talabijin. Ta ciro ƙaramin hotonka daga littafin addu'arta, ta ɗaga shi, tana faɗin sunanka da na kamfaninku, tana murmushi. Da na gaya mata gaskiya, da ba ta yi ba. Ko kuwa da ta yanke jiki ta faɗi a wurin? Na kasa yanke wa kaina hukunci.

Na bi mai ɗaukar hoton har mota ina roƙo. Ya ce ba shi ke zaɓar abin da za a nuna ba, sai manyansa a Manila.

Kada ka fita hanya.
Doray

*

Anto,

Ina gaisuwa. Shiru ka yi. Kamfani sun ce ayarinku na kan hanya, ba su da ƙarin bayani. An nuna Inna a talabijin jiya da rana, fuskarka ta fito sarai.

Aikin gobe:
Kiran kamfani da safe.
Mayar da kujeru coci.
Maganin Inna.
Cire wayar talabijin kafin Inna ta tashi.
Kiran kamfani kuma.

Doray