Baƙon Inna da Fadan da Ya Je Ƙasar Mongol

Daren Laraba, Gafasa

Na kasa rubuta ko layi ɗaya, ga malamina na jami'a yana jiran babin nan na kundin bincikena. Na daɗe ina fama da labarin wani fada, wato limamin coci, Bature da ya je wa'azi ƙasar Mongol a zamanin da, ya dawo ya rubuta cewa sun wulaƙanta shi, gero da gishiri kawai suke ba shi. Na gaskata shi, na gina babin a kai.

Yau Yaya Sani ya kawo wani Bature mai binciken irin shuka. Inna ta sa aka yanka zakaran da take tattali, ta tuƙa tuwon gero, aka kai masa zaure, kowa ya fice don ya sake ya ci ya ƙoshi.

Da za su tafi sai baƙon ya tambayi Yaya, wai don shi Kirista ne muka ƙi ci da shi? Yaya ya yi masa bayani, amma ka ga fuskarsa ka san bai gamsu ba. Haka zai je ya faɗa, kuma a yarda da shi.

Inna kuwa sai murna take: "Hadiza, kin ga ya cinye tas?"

Tun magariba nake tunanin matar da ta dafa wa fadan nan gero. Wataƙila iyakar abin da ya rage mata ke nan. Shi ya rubuta, ni na kwafa, ita kuwa ba wanda ya tambaye ta.