Kun Zare Mini Wuta Ina Tsakiyar Gaisuwa

Zuwa ga Shugaban kwamitin gasa na ƙungiyarmu ta masu buga Mos, wato saƙon tangaraho, a rediyo, da Sakatarensa, da duk mai kunnen ji a Kwatano.

Assalamu alaikum. Ina wuni, ina gajiya, ya iyali, ya hidimar jama'a? Ranka ya daɗe, ka ga na gaishe ka har ƙarshe, kuma ba wanda ya mutu saboda haka. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ni ne Idi Mai Tangaraho na Zongo, wanda ɗakin rediyonku ke saman gidansa. Ban taɓa zama a lakwal ba, wato makarantar boko. Mai rubuta wasiƙa na bakin masallaci ke rubutawa ina faɗa, na kuma gargaɗe shi kada ya gyara mini magana. Da kunne na koyi Mos, ina ɗan aike a ofishin waya na bakin tashar jirgin ruwa, tun mahaifinka yana sayar da goro a faranti. Ban san kamannin harafi a takarda ba, amma na san kukansa. An aiko mini da takarda wai an dakatar da ni daga taɓa abin bugawa a gasa mai zuwa. Tun da a gaban jama'a aka karanta ta, a gaban jama'a zan amsa.

Na ɗaya. An ce na toshe hanya. Dokar gasarku ita ce ka kira mutum daga wata uwa duniya, ya amsa, ka jefa masa lamba, ya jefo maka, ka ture shi ka kira wani. Wanda ya fi kowa ture mutane shi ake ba kofi. Ko ɗan zem, mai babur ɗin haya, da ya ɗauko ka daga kasuwar Tokpa yana tambayarka ya kasuwa. Ni idan mutum ya amsa mini daga bayan teku, baƙona ne. Sai na tambaye shi kwanan gida, da gajiya, da ruwa, da yara. Sakatare ya ce Turawa sun yi layi a bayan baƙon suna jira. To su jira mana. Zuwa za su yi su ma a gaishe su.

Na biyu. Maganar biyar-tara-tara. Ga wanda bai sani ba, wannan lamba ce da ke nufin na ji ka tangaram. A gasa kowa ita yake ba kowa, ko da muryar mutum ta zo kamar kukan sauro a cikin tulu. Har wani zai ce maka biyar-tara-tara, sannan ya ce maimaita sunanka ban ji ba. Na kai maganar gaban Liman. Ya shafa gemu, ya ce bai taɓa cin karo da ita a littafi ba, amma shaidar zur ba ta canza suna don an buga ta da yatsa. Shi ya sa na gaya wa wani ɗan Barazil gaskiya cewa eriyarsa ba ta da lafiya. Ya ji haushi a wannan shekarar. Da shekara ta zagayo ya dawo da murya garau, har ya ba ni labarin ciwon gwiwarsa. Wane ne a cikinku ya san yana da gwiwa?

Na uku. Kofin da kuke kuka a kansa. An ce saboda ni muka zo na ƙarshe, yaran ƙungiyar garin Kalabi suka ɗauke shi. Allah ya sa musu albarka. Amma na je na gani da idona: kwamfuta ke buga musu, su suna zaune suna cin gasasshiyar masara. Kwamfutarsu ta kira wata kwamfutar, suka yi wa juna ƙarya, aka ba mutum kofi. Ni a ganina kwamfutar ya kamata a ba, ta sha koko a ciki.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni cin tuwo da daɗi.

Akwai wani tsoho, Yohan, a can ƙasar ƙanƙara inda rana ke ƙin faɗuwa wani lokacin. Gidan tsofaffi yake zaune. Ba a kai shi gaban rediyo sai ranar wannan gasa, ni ma ba ni da tawa sai ta ƙungiya. Shekara da shekaru muna haɗuwa a wannan rana. Ba sai ya faɗi sunansa ba, hannunsa nake ganewa: yana jan dogon bugu kamar mai jan guga daga rijiya mai zurfi. Da guntun Faransancina da nasa muka fara, har na koya masa LAFIYA LAU, yana bugo mini ita ba kuskure. Bara ya ce mini matarsa tana kwance. Na sa aka yi mata addu'a bayan sallar Juma'a, matata Hajiya ta soya waina aka yi sadaka. Shekara guda ina ɗauke da matar nan a zuciya, ban ma san sunanta ba, don ba a tambayar mutum sunan matarsa.

Ranar gasa, bayan la'asar, na tsinto hannunsa a cikin hayaniya. Sakatare na tsaye a kaina yana nuna mini agogo. Ya ce, Baba, in dai matar ce, tambaye shi kai tsaye mu wuce. Ranka ya daɗe, kai ɗan Zongo ne. Wa ya taɓa shiga gidan mara lafiya ya faɗa da tambaya tun daga zaure kamar ɗan sanda? Na tambaye shi wuni, ya ce lafiya lau. Gajiya, lafiya lau. Sanyi, lafiya lau. Yara da jikoki, lafiya lau. Sai da hanya ta yi laushi na buga masa ya mai jiki.

Bai ce lafiya lau ba. Sai ya fara bugowa a hankali, ABOKINA IDI. Daidai nan Sakatare ya sunkuya ya zare wuta, ya ce lokacina ya ƙare, a ba mai hanzari kujera. Kafin a mayar da wutar, wani ya hau layin da muke kai yana ta zuba lambobi, Yohan ya nutse.

Sakatare, ɗana, da kai nake. Shekarar da ruwa ya ci gidanku a unguwar Laji, a kwalekwale na zo duba mahaifiyarka. Ban tsaya a bakin ruwa na ce mata biyar-tara-tara na juya ba.

An ce in nemi Yohan a wayar salula. Ba ni da lambarsa, ban taɓa tambaya ba. Mu ba abokan salula ba ne. An ce in aika kati ta gidan waya. Na aika, shiru. Saura ranar gasa kaɗai, ita ce kuka hana ni. Shi tsoho, ni tsoho. Ku kuna da gasa da yawa a gaba.

Ga buƙatuna. A janye takardar nan, a bar ni in zauna a kujera har ya ƙarasa abin da ya fara. Ba na son kofi, ba na son difilom, takardar girmamawar nan da aka ce za a rataya mini don in yi shiru. Bangona duk kalanda ce, ba wuri. A kuma ɗaure soket ɗin nan da tsumma inda hannun Sakatare ba zai kai ba. Ina tuna wa kwamiti, ba barazana ba ce, cewa eriyarku daga rufina ta tashi zuwa bishiyar mangwaron maƙwabcina, kuma Hajiya ta daɗe tana cewa ba ta taɓa ganin igiyar shanya mai kyau irinta ba. Ni nake ta ba ta haƙuri. Haƙurin ya fara ƙarewa a wurina.

In kuwa kun rantse ba zan taɓa abin bugawa ba, to kai Shugaba ka zauna da kanka. Ka nemi hannun da ke jan dogon bugu. Ka gaishe shi bi da bi, kada ka tsallake sanyi. Ka ce Idi na tambayar mai jiki, sannan ka ɗauke hannunka ka jira, ko duniya duka za ta yi layi. In matar ta tashi, ka leƙo ta taga ka gaya mini. In ba ta tashi ba, kada ka aiko mini da takarda. Ka sauko, ka cire takalmi, ka zauna a tabarmata ka yi mini gaisuwa, don a duk faɗin Kwatano ni kaɗai ne danginta.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya jiƙan mahaifinka, ya ba Sakatare abokin da zai saurare shi har ƙarshen magana.

Wassalam.

Idi Mai Tangaraho,
Zongo, Kwatano.